Labulen da Aka Goge

Labulen falo ne ya fara faɗowa.

Magariba ta kawo kai, hasken da ya rage a tagar bene na biyu ya yi ja, sannan ya dushe. Maman Auta tana kicin tana juya tukunya. Mijinta yana kan kujerarsa, ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa ba mai saurare. Babu iska, fanka ma a kashe take. Sai labulen ya soma sulalewa daga sandarsa, zobe bayan zobe, a hankali, kamar wani ne ke cirewa da yatsu, har ya taru a ƙasa. Sandar tana nan daram, ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba.

Maigidan ya duba, ya yi tsaki, ya ce aikin teloli ke nan, su karɓi yadi mai kyau su mayar da shi tsumma. Matarsa ta leƙo da ludayi a hannu, ta ce shekarar labulen tara a rataye, sai yau ɗinkinsa ya tuna ya kamata ya lalace? Suka mayar da shi. Kafin a kira isha'i ya sake faɗowa, na ɗakin kwanansu ya bi shi.

Mai Auduga ake kiran mutumin a wurin aiki. Shekara ashirin da shida yana gyaran zane a gidan tarihi: hoton da hayaƙi ya dafe, ko danshi ya kumbura, ko fenti ya fara ɓarewa, shi ake kawo wa. Ya nannaɗa 'yar auduga a kan tsinke, ya tsoma a sinadari, ya yi ta shafawa, wurin da bai fi faɗin farce ba sai ya ci masa awa guda. Ya iya aikinsa, wannan ba mai ƙwace masa. Abin haushin shi ne ya san ya iya, har ya kai ba ya jin maganar mai rai, balle ta wanda ya mutu. A duniya mutum ɗaya ke iya tsokanarsa ya yi dariya, ita ce Auta, 'yarsu da ta rage a gida, mai shekara ashirin, tana karatun haɗa magani. Tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburinsa take kiransa Likita, wai likitan hotuna. Idan ya dawo aiki da fushi sai ta karɓi jakarsa ta ce, “Likita, yau wane majinyaci ne ya mutu a hannunka?”

Washegari da magariba, labule huɗu suka faɗi a tare. Sai kuma jifa.

Ba manyan duwatsu ba ne, tsakuwa ce, ɗaya bayan ɗaya, tana bugun gilashin taga, tsakanin kowace da 'yar uwarta kamar numfashi uku. Maman Auta ta leƙa ƙasa, titin ba kowa sai mai gyaran babur yana kulle shagonsa. Da suka rufe taga sai jifan ya dawo daga cikin ɗaki, tsakuwa tana fitowa daga kusurwar da babu komai sai bango, ta gangaro ta tsaya a gaban ƙafar maigidan. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya kai ta ƙarƙashin fitila. A jikinta akwai ɓawon fenti, kore mai duhu. Ya daɗe yana kallo. Ya san koren nan fiye da yadda ya san tafin hannunsa. Ya jefa ta a aljihu, ya ce wa matarsa ai shirmen 'yan unguwa ne, ta zuba abinci.

Ga inda koren ya fito. Akwai wani zane a gidan tarihin, aikin wani mai zane da ya rasu shekara biyar da suka wuce, 'ya'yansa suka ba da shi kyauta. Hoton matarsa ne a ɗakin haya: tana zaune a kujerar katako, da rigar rawaya, hannuwanta a kan gwiwa, kofin shayi a ƙasa kusa da ƙafarta. A bayanta koren labule tun daga sama har ƙasa, ya cinye rabin hoton. An kawo wa Mai Auduga don ya share ƙura kawai. Shi kuwa ya sa shi a na'urar da ke ganin abin da ke ƙarƙashin fenti, sai ga siffar mutum a tsaye a bayan labulen.

Daga ranar bai sake barci mai kyau ba. Ya je ya samu Shugabar gidan, ya cika ta da bayani, ya ce labulen ba na asali ba ne, wani mai ƙaramin hannu ne ya shafa shi daga baya ya ɓata aikin marigayi. Ta yarda, don wa zai ja da Mai Auduga a kan fenti? Akwai abu guda da bai gaya mata ba, bai kuma gaya wa kowa ba.

Wata biyu yana gogewa. Labulen ya yi ta narkewa a jikin auduga, faɗin farce bayan faɗin farce, har ta bayyana: doguwar mace, ba lulluɓi, gashinta a kwance a kafaɗa, hannunta ɗaya a kan makarin kujerar. Kujera tana da inuwa, kofi yana da inuwa, ita ba ta da ita. Ba za ka ce kyakkyawa ba, ba za ka ce mummuna ba, amma fuskarta ta wanda aka shigo wa ɗaki ba sallama ce. Aka rataye ta a babban zaure, aka haska mata fitila uku. Jama'a suka yi ta layi, kowa da waya a sama. Har jarida ta buga hoton Mai Auduga a gefenta, ya harɗe hannu yana murmushi kamar shi ya halicce ta.

Wata huɗu ke nan da rataye ta, ranar da labulen falo ya faɗi.

A rana ta biyar abin ya bar labule ya koma kan Auta. Ta dawo daga makaranta ta tsaya a tsakiyar falo da jaka a kafaɗa, ta tambayi uwarta wanne ne ɗakinta. Uwar ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Auta ba ta yi dariya ba. Kashegari ta buɗe littafin karatunta ta ce rubutun ya zama tururuwa. Bayan kwana biyu ta manta sunan ƙawar da suka tashi tare. Da rana tana nan shiru, kamar mai jin barci, amma da zarar ƙarfe shida ta yi, lokacin da ake kulle gidan tarihi, sai ta zauna a ƙasa, ta yago auduga daga akwatin magani, ta nannaɗa a kan ashana, ta riƙa shafa kumatunta a hankali, wuri kaɗan, wuri kaɗan. Duk wanda ya taɓa ganin ubanta a bakin aiki ya san riƙon wa take yi.

An kai ta asibiti, an ɗauki hoton kai, an ɗebi jini, aka ce lafiyarta ƙalau, ta rage karatu. Maƙwabciyarsu ta ƙasa, wadda ba a yin atishawa a benen nan ba ta sani ba, ta hauro da sunan dubiya, ta zauna tana zare ido a ɗakin da ba labule. Auta ta juyo ta kalle ta, ta yi magana da wata murya mai kauri, mai sanyi, wadda ba tata ba. Ta ce tun da kallo ya kawo ta, ta fara cire haƙoran robar da take ɓoye wa mijinta a gwangwanin madara, a kalle ta ita ma. Matar ta sauka bene da takalmi ɗaya.

Maman Auta ta ce za ta kira yayanta. Mijin ya ce ba a gidansa ba. Yayan nata malami ne, ya yi karatu mai zurfi, amma gyaran agogo yake ci da shi a wani ɗan shago, kuma shekara da shekaru surukin nan nasa yana kiransa mai tofe-tofe a bayan ido. Matar ba ta yi musu ba. Da yamma mijin ya dawo daga aiki, ya tsaya a ƙofa da jakarsa yana jira a karɓa. Auta ta ɗago kai, ta dube shi sama da ƙasa, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta ce, “Mama, kin yi baƙo.”

Shi da kansa ya buga wa surukin waya.

Washegari Kawu ya iso ana saura kaɗan rana ta faɗi, da 'yar jakarsa da tabarau mai igiya. Ya dubi labulayen da aka tara a kan kujera, ya dubi kwanon da Maman Auta ta cika da tsakuwa, ya ce wa maigidan, “Ashe yau ana buƙatar mai tofe-tofe.” Maigidan ya sunkuyar da kai. Kawu ya yi alwala, ya yi sallah, ya sa aka kashe rediyo da wayoyi, ya zauna a ƙasa gaban 'yar ƙanwarsa, uwar tana riƙe da ita ta baya. Ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi, murya ƙasa, ba gaggawa. Duhu ya shigo ta tagogin da ba su da abin tare shi. Motocin titi suka yi nisa, kamar an tura su wani gari. Ɗakin ya ɗauki wani wari da maigidan kaɗai ya gane, warin man fenti ɗanye. Auta ta daina shafa kumatu. Ta ajiye ashanar, ta miƙe bayanta har ta fi tsawonta na kullum, ta ɗora hannu ɗaya a kan makarin kujerar da ke gefenta.

“Ya isa, malam,” in ji muryar. “Ba gudu zan yi ba. Da ma jiran mai hankali nake, gidan nan babu.”

Kawu ya tambaye ta wace ce, da abin da yarinyar ta yi mata. Ta ce yarinya ba ta yi mata komai ba, kamar yadda ita ma ba ta yi wa ubanta komai ba. Sannan ta ba da labarinta, a hankali, kalma tana bin kalma kamar tsakuwar da take jefowa. Ta riga mai zanen zama a ɗakin hayar nan da shekaru masu yawa. Ba ta taɓa damun kowa ba. Ƙamshin man fentinsa take so, shi ya sa take tsayawa bayan matarsa idan yana aiki. Wata yamma idonsa ya buɗe ya gan ta, maimakon ya kau da kai sai ya zana ta. Da ta zo masa, bai yi gardama ba, ya ba ta haƙuri, ya ce ba zai iya ƙona hoton matarsa ba, amma zai saka mata labule da hannunsa, ba mai sake ganinta. Ya cika alkawari har ya koma ga Mahaliccinsa.

“Sai wannan ya zo da audugarsa,” ta ce, ba ta ko dubi inda yake ba. “Wata biyu yana tuɓe ni, yana ta yin fito da bakinsa. Yanzu daga safe zuwa shida ina tsaye, fitila uku a kaina, idon mutane ya kafe ni ba na iya motsi. Yara suna nuna ni da yatsa. Wani ƙato ya tsaya a gabana yana cin gyaɗa. To ni ma na koyi sana'ar. Faɗin farce kullum. Na goge ɗakinta, na goge karatunta, jiya na goge ubanta. Saura uwar, saura sunanta, sai in ga abin da ke ƙasa.”

Maman Auta ta ƙanƙame 'yarta, hawaye na zuba ba sauti. Kawu ya ce wanda ya yi kuskure cikin rashin sani ba a yi masa hukuncin mai ganganci. Ya juya ga surukinsa ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ko ya san labulen na mai zanen ne. Mai Auduga ya ce bai sani ba. Ya ce na'ura ce ta nuna, shi ma'aikaci ne, ya bi ƙa'idar aiki.

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ba ta da ƙarfi, amma sai da tsakuwar cikin kwano ta motsa.

“Matar gida, tashi ki buɗe jakar mijinki. Akwatin ƙarfe, ƙarƙashin auduga.”

Kawu ya riƙe yarinyar, uwar ta tashi. Ta dawo da wata 'yar takarda da ta yi ruwan ƙasa, an ninke ta huɗu. A tsakanin ƙyallen zanen da katakonsa Mai Auduga ya tsince ta tun ranar farko. Rubutun fensir ne, da sa hannun marigayi irin wanda ke kusurwar hoton. Kawu ya gyara tabarau ya karanta a fili: labulen nan ni na sa shi, alkawari ne, don Allah kada a taɓa.

Maman Auta ta dubi mijinta, duban da shekara ashirin da takwas na aure ba su taɓa nuna masa ba. Ta ce masa, a hankali, “Mutum ya haɗa ka da Allah daga kabari, Baban Auta. Don jarida?”

Daga nan aka shiga ciniki. Aljanar ta ce a ƙona hoton. Kawu ya ce matar da ke kujera ba ta da laifi, kuma ita aljanar da kanta ta yarda da labule a karon farko. Ta ce to a ba ta idanun Mai Auduga biyu. Kawu ya ce an buɗe ta, za a rufe ta, wanda ya buɗe zai je ya faɗi gaskiya da bakinsa, ya ci kunyar da ya saya. Abin da ya wuce haka zalunci ne, ita ma kuma tana da Ubangijin da zai tambaye ta. Ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya, har jikin Auta ya soma rawa, gumi ya jiƙa mayafinta. Muryar ta yi rauni, amma ba ta sauka ba.

“Ka rufe na bango, malam. Na cikin wayoyin mutane fa? Wa zai bi su gida-gida ya saka mini labule? Wannan ba ya rufuwa, sai a biya. Hannun da ya buɗe ni ya rufe ni, in ya gama ya zama nawa.”

Kawu ya buɗe baki zai ƙi. Yana ganin ta gaji, da an ƙara rabin awa da ta sauko ba tare da komai ba. Amma Mai Auduga, wanda bai taɓa bari wani ya gama magana a gabansa ba, ya riga shi.

“Ki ɗauka. Ki sakar mini 'yata.”

“Rufe mana baki!” in ji Kawu. Amma magana ta riga ta fita.

“Na karɓa,” ta ce. “Ranar da labule ya kai ƙasa zan mayar da abin da na goge. Sai dai kai ka fi kowa sani, abin da aka goge ba ya komawa daidai yadda yake.”

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta, barci ya ɗauke ta. Warin fenti ya fita ta taga.

Da safe ya sa rigarsa mafi kyau, ya je ofishin Shugaba, ya ajiye takardar a kan teburinta. Ta karanta sau biyu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta kira 'ya'yan marigayi, babbar ta zo ta ga rubutun ubanta, ta ce ko a mayar da labule ko su ɗauke hotonsu. A ranar aka sauke shi daga zaure, aka juya fuskarsa ga bango. Shugaba ta ce tun da ba wanda ya san koren nan kamarsa, shi zai mayar, in ya gama ya ajiye makullin ɗakin gyara.

Kwana goma sha tara ya yi yana shafawa, daga sama zuwa ƙasa, idonsa a kan burushi, bai yarda ya dubi fuskar ba ko sau ɗaya. Ya haɗa kore ya fi sau talatin, bai sami na marigayi cif ba. Nasa ya ɗan fi haske, kaɗan, yadda sai wanda ya san na da zai lura. Ranar da ya ja layin ƙarshe a gindin labulen, burushin ya faɗi daga yatsunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya kama rawa.

Har yau hannun yana cin abinci, yana ɗaura agogo, yana gaisawa da mutane lafiya lau. Amma ya kusanci burushi, ko alƙalami, ko tsinken auduga, sai ya yi ta karkarwa kamar na ɗan shekara casa'in.

Da ya koma gida a yammacin nan ya tarar an mayar da labulaye duka, suna rataye shiru. Auta tana kan kujera da littafinta a buɗe, tana karatu tana motsa baki. Ta ga shigowarsa, ta tashi da sauri ta karɓi jakar da babu komai a cikinta, ta ce, “Sannu da zuwa, Baba.”

Ya tsaya yana jiran sauran. Ta kai jakar ɗaki, ta kawo masa ruwa, ta koma kan littafinta. Daga baya uwar ta gwada tuna mata, ta ce ba Likita kike ce masa ba? Auta ta yi dariya ta ce Baba da ko allura ba ya iya kallo, wane irin likita? Ta tuna ɗakinta, da ƙawarta, da kowane magani da ta haddace. Wannan ɗaya ne bai dawo ba.

Hoton yana nan a gidan tarihi, an mayar da shi wani ƙaramin ɗaki kusa da matakala. Mace a kujera, kofi a ƙasa, koren labule. Ba layi, masu wucewa ba sa ko ɗaga waya. Shi kuwa Mai Auduga yana gida, yawanci a kujerarsa. Idan ya tashi zai shiga ɗakin kwanansa, ɗakin da ya san ba kowa a ciki, sai ya tsaya a bakin labule ya yi sallama, ya ɗan jira, kafin ya ɗaga da hannun hagu.